Amsoshin Wasiƙunku: Wace kujera ta fi dacewa a doguwar tafiyar jirgin sama?

Wasiƙu da dama sun iso mana a kan magana guda, wato inda ya kamata matafiyi ya zauna idan zai shafe yini ko dare guda a cikin jirgin sama. Mun zaɓo wasu daga ciki, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya, kuma ta Adis Ababa nake bi. Kusan kowace tafiya sai na tsinci kaina a kujerar tsakiya can baya, tsakanin mutum biyu, in sauka baya yana ciwo, ƙafafu a kumbure. Ejan ɗina ya ce haka tikitin yake zuwa. Shin akwai kujerar da ta fi sauran, kuma yaya ake samun ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tikiti ba ya zuwa da kujera a maƙale da shi. Abin da yake faruwa shi ne, duk wanda bai zaɓi wurin zama ba har ya iso kantar awon kaya, kwamfutar kamfani ce take ba shi abin da ya rage, kuma abin da yake ragewa a jirgin da ya cika shi ne kujerun tsakiya na can baya, domin su ne kowa ya ƙi. Tafiya daga Adis Ababa zuwa Guangzhou tana cin sa'o'i goma ko fiye, saboda haka bai kamata ka bar wannan al'amari a hannun wani ba.

Abu na farko shi ne ka san irin jirgin da za ka hau, domin sunansa yana rubuce a takardar tafiyarka. Boeing 787 da Airbus A350, waɗanda Ethiopian Airlines yake amfani da su a dogayen tafiye-tafiye, suna da kujeru tara a kowane sahu na ajin gama-gari: uku ta hagu, uku a tsakiya, uku ta dama, da hanyoyi biyu a tsakaninsu. Airbus A330 yawanci yana da takwas, wato biyu, huɗu, biyu. Boeing 777 kuwa an fara fito da shi da tara, amma kamfanoni da yawa, ciki har da Emirates, sun mayar da shi goma, wato uku, huɗu, uku, abin da ya rage faɗin kowace kujera zuwa wajen santimita 43, alhali ta A350 tana kai wajen 46. Bambancin yana da ƙanƙanta a takarda, amma kafaɗun mutum suna jin sa bayan sa'a ta shida. Tazarar da ke tsakanin sahu da sahu kuma a yawancin manyan kamfanoni santimita 79 ne zuwa 81. Harufan kujeru suna farawa da A daga tagar hagu, kuma ba a amfani da harafin I saboda kada a ɗauke shi lamba ɗaya, amma sauran harufan suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka taswirar jirgin za ka duba, kada ka dogara da harafi kaɗai.

Idan ra'ayina kake so, kujerar da na fi ba matafiyi shi kaɗai shawara a kanta ita ce ta bakin hanya a rukunin tsakiya, a jirgi mai uku-uku-uku. Dalilin a bayyane yake idan ka ƙirga maƙwabta. Wanda ya zauna a bakin hanya ta ɓangaren taga yana da mutum biyu a cikinsa, kuma duk lokacin da ɗayansu zai shiga banɗaki dole ne ya tashe shi, ya naɗe tebur, ya cire bargo, ya miƙe tsaye. Wanda ya zauna a bakin hanya ta rukunin tsakiya kuwa mutum ɗaya ne kawai a gefensa, shi ma ɗin yana da mafita biyu, yana iya bi ta ɗaya hannun. Ƙari a kan haka, kujerar da ke tsakiyar rukunin tsakiya ita ce ta ƙarshe da ake cikewa, saboda haka idan jirgi bai cika ba, akwai kyakkyawan zaton ka samu gefenka babu kowa. Aibin wannan wuri shi ne keken abinci yana iya bugun gwiwar hannunka, masu wucewa kuma suna iya gogar kafaɗarka, kuma ba ka da bangon da za ka jingina kai. Ni dai a wajena wannan ƙaramin farashi ne idan aka kwatanta da halin wanda ke bakin taga da ƙarfe biyun dare, fitilu a kashe, fitsari ya matse shi, ga mutum biyu suna sharar barci da tebura a buɗe, yana ta jin nauyin tashin su har ya haƙura ya daina shan ruwa.

Sai kuma maganar gaba ko baya. Jirgi ya fi natsuwa a daidai fukafukai, domin nan ne tsakiyar nauyinsa, kuma ya fi girgiza a wajen wutsiya, kamar yadda na bayan doguwar motar haya ya fi kowa shan gargada. Ƙarar inji ma ta fi yawa daga fukafukai zuwa baya. Saboda haka sahun da ke farkon ajin gama-gari zuwa kan fukafukai su ne suka fi, kuma mazauna wurin ne suke rigan sauran fita, abin da yake da muhimmanci ga wanda zai canja jirgi cikin ƙurarren lokaci ko zai shiga layin jami'an shige da fice. Ka guji sahun ƙarshe na kowane sashe, domin sau da yawa kujerunsa ba sa kwantawa sosai saboda bangon da ke bayansu, ga ƙarar ruwan banɗaki, ga hasken wurin haɗa abinci, ga layin masu jira waɗanda suke dafa kan kujerarka su girgiza ta ba da niyya ba.

Hanyar samun kujerar ba ta da wuya. Ka karɓi lambar rajistar tafiyarka daga ejan, wadda take da harufa da lambobi shida, ka shiga manhajar kamfanin ko shafinsa na intanet da ita da sunanka na ƙarshe kamar yadda yake a fasfo, sai taswirar jirgin ta fito. Wasu tikitocin suna ba da zaɓi kyauta tun ranar saye, wasu kuma, musamman masu araha, sai an biya, ko a jira a buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet, wadda ake buɗewa sa'o'i 24 zuwa 48 kafin tashi gwargwadon kamfani. Da sanyin safiya ake kama fara, don haka ka shiga da zarar an buɗe. Ka tuna kowane zango da nasa zaɓin: Kano zuwa Adis Ababa daban, Adis Ababa zuwa Guangzhou daban, haka ma dawowa. Kwana ɗaya kafin tafiya ka sake dubawa, domin idan kamfani ya canja jirgi yakan sake raba kujeru ba tare da ya sanar da kowa ba.

Tambaya: Zan raka mahaifiyata umara daga Kano. Ta haura shekara saba'in, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ta ce ita taga take so don kada a dame ta. In bi son ranta?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya karɓi ibadarku. A nan ina roƙon ki ki lallashi Mama ta bar tagar, domin maganar ta shafi lafiyarta. Zama wuri guda ba motsi yana sa jini ya yi jinkiri a jijiyoyin ƙafa, har wani lokaci ya daskare ya zama guda, kuma idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2007 cewa haɗarin wannan daskarewa yana ninkawa biyu bayan tafiyar sa'o'i huɗu ko fiye, ko da yake ga mai lafiya ƙanƙani ne, wajen mutum ɗaya cikin 6,000. Tafiya daga Kano zuwa Jidda tana haura sa'o'i huɗu, ban da zaman jira a filin jirgi, kuma haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ƙiba, da masu juna biyu, da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da masu ciwon daji, da wanda ya taɓa samun irin wannan daskarewa. A shekarar 2012 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba irin waɗannan matafiya shawarar su zauna a bakin hanya idan da hali, su riƙa tashi suna takawa, su riƙa motsa ƙafafu, su kuma sa safa mai matse ƙafa zuwa ƙasan gwiwa. Tagar kanta ba ta da laifi, sai dai mai zama wurin ya fi ƙin tashi, kuma iyayenmu mata, da kunya da kawaicin da muka san su da shi, sun fi kowa iya danne buƙatarsu don kada su tashi baƙon namiji.

Saboda haka ki samar mata bakin hanya, ke ki zauna a gefenta, sahu uku ko huɗu daga banɗaki, kusa yadda gwiwa za ta iya kaiwa, nesa yadda layin masu jira ba zai tsaya a kanta ba. Idan jirgin A330 ne, kujeru biyu na gefe su ne mafi dacewa da ku, domin babu na uku a tsakaninku, ke ki ɗauki taga, ita ta ɗauki hanya, kuma wannan ya warware damuwar macen da ba ta son zama kafaɗa da kafaɗa da namijin da ba muharraminta ba. A wasu jiragen 777 ma sahun can baya suna komawa bibbiyu ta gefe saboda jikin jirgin yana tsukewa a wurin, amma gargadar baya ba ta dace da tsohuwa ba. Ki nemi keken guragu daga kamfani aƙalla sa'o'i 48 kafin tafiya, kyauta ne, kuma masu shi ake fara shigarwa. Magungunanta su kasance a ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujerar gabanta, kada su tafi cikin kayan awo. Kamfanin Saudia yana ware wurin salla a bayan manyan jiragensa, kuma na bakin hanya ne yake isa wurin ba tare da wahala ba. Ki riƙe hannunta idan za ta shiga banɗaki, domin a jiragen masu ibada ƙasan wurin yakan jiƙe da ruwan alwala, santsi kuma ba ya yi wa mai ciwon gwiwa daɗi. Kafin komai dai, ta ga likitanta, shi zai faɗa mata ko safar matsi ta dace da ita.

Tunda maganar lafiya ta taso, bari in ƙara wa masu sikila kalma ɗaya. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, a bushe take ƙwarai, kuma iskar oksijin da jiki yake buƙata ta ragu a cikinta. Mai sikila ya ga likita kafin doguwar tafiya, ya zauna inda zai sha ruwa ya tashi yadda yake so, ya kuma nisanci ƙofofi saboda sanyi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, dogo ne ƙwarai, zan tafi karatu Turkiyya. An ce in biya kuɗi in zauna a bakin ƙofar gaggawa. Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Malam, ga mutum mai tsawonka ya cancanta, domin babu wani wuri a ajin gama-gari da za ka miƙe ƙafa kamar nan. Amma ka san abin da kake saye. Teburin cin abinci da allon kallo suna naɗe ne a cikin hannun kujerar, don haka hannun ba ya ɗagawa, kuma kujerar ta ɗan fi sauran matsi. Ba a barin jaka a ƙasa lokacin tashi da sauka. Wurin yana da sanyi, har mutum yakan ji shi yana ratsa safa idan dare ya yi nisa, sai ka tanadi rigar sanyi da safa mai kauri. A manyan jirage kujerar taga ta wannan sahu takan gamu da tudun da ke jikin ƙofa, inda aka naɗe tsanin zamewa na gaggawa, ya cinye rabin filin ƙafar da ka biya, wani lokaci ma babu tagar sam, saboda haka ka ɗauki ta tsakiya ko ta bakin hanya. Filin da ke gabanka kuma shi ne inda fasinjoji suke taruwa su miƙe jiki ko su jira banɗaki.

Wurin yana da sharuɗɗa, domin ana sa ran mazauninsa ya taimaka wajen buɗe ƙofa idan buƙata ta taso. Dole ne ya kai shekara 15 ko 16 gwargwadon dokar kamfani, ya kasance mai ƙarfin jiki da gani da ji, ba ya ɗauke da jariri, kuma yana fahimtar harshen da ma'aikatan jirgi suke ba da umarni da shi, wanda a mafi yawan lokuta Ingilishi ne ko harshen ƙasar kamfanin. Idan Faransanci da Hausa kaɗai kake ji, suna da ikon tayar da kai ko da ka biya. Sahun da ke gaban ƙofar gaggawa kuwa ka guje shi, domin sau da yawa kujerunsa ba sa kwantawa don kada su tare mafita.

Tambaya: Zan tafi Landan daga Abuja da goyon wata bakwai da yaro ɗan shekara huɗu, ni kaɗai. Ina ya kamata mu zauna?

Amsa: Hajiya, ki nemi sahun da ke fuskantar bangon da ya raba sassan jirgi, domin a jikin bangon ake maƙala ƙaramin gadon jariri bayan an tashi. Gadajen kaɗan ne a kowane jirgi, kuma ba sa zuwa sai an nema, don haka ki kira kamfanin da kanki tun ranar da kika sayi tikiti, ki tabbata an rubuta buƙatar a rajistarki. Kowane kamfani yana da iyakar nauyi da tsawo, a wurare da yawa wajen kilo 10 zuwa 11, kuma za a ce ki ciro jaririn ki riƙe shi duk lokacin da fitilar ɗaura bel ta kama. Tafiyar tana cin sama da sa'o'i shida, kuma samun hannuwa biyu a sake na ɗan lokaci ba ƙaramin sauƙi ba ne ga uwa mai yara biyu. Abin da za ki rasa a wannan sahu shi ne ajiye jaka a gabanki lokacin tashi da sauka, sai ki ciro madara da ƙyalle da abin gogewa tun kafin a rufe ma'ajiyar sama. Hannun kujerun ma ba ya ɗagawa, saboda haka babban yaron ba zai iya kwanciya a cinyarki ba. Ki sa shi daga ciki, ke ki tare bakin hanya, don kada keken abinci ko ruwan shayi mai zafi ya same shi. Kada ki canja wuri da jariri ba tare da izinin ma'aikata ba, domin abin shaƙar iska na gaggawa ƙidayayye ne a saman kowane rukunin kujeru, kuma da lissafi ake zaunar da masu goyo.

Tambaya: Na ji cewa a haɗarin jirgin Indiya mutum ɗaya ne ya tsira, kuma a kujera 11A yake. Shin ita ce kujerar da ta fi aminci?

Amsa: Gaskiya ne, a ranar 12 ga Yunin 2025 jirgin Air India ƙirar Boeing 787 ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Ahmedabad da mutum 242, kuma wanda ke kujera 11A, kusa da ƙofar gaggawa, shi kaɗai ya rayu daga cikinsu. Amma lambar ba ta ɗauke da wani sirri, domin 11A a wani jirgin tana iya kasancewa a babban aji ko nesa da kowace ƙofa. A shekarar 2015 mujallar Time ta duba bayanan hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta samu cewa a haɗuran da wasu suka mutu wasu suka tsira, kashi 32 cikin ɗari na mazauna baya ne suka mutu, da kashi 39 na tsakiya, da kashi 38 na gaba. Haɗura 17 kaɗai aka yi lissafin da su, kuma kowane haɗari da yadda yake zuwa, don haka ban ga hikimar mutum ya ɗauki gargadar sa'o'i goma a wutsiyar jirgi saboda wannan ɗan bambanci ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne binciken Farfesa Ed Galea na Jami'ar Greenwich a Ingila, wanda ya nuna cewa waɗanda ke cikin sahu biyar daga ƙofa sun fi samun fita idan wuta ta kama. Ana gwada kowane babban jirgi a tabbatar za a iya kwashe mutanensa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa, kuma hayaƙi yana hana gani, saboda haka da zarar ka zauna ka ƙirga sahu nawa ne tsakaninka da ƙofar gaba da ta baya.

Rai a hannun Allah yake, amma akwai sababi biyu da suke hannun matafiyi ko a ina ya zauna. Na farko bel. A watan Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga mummunar gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, kuma waɗanda ba su ɗaura bel ba ne aka yi sama da su suka bugi rufi. Ka bar shi a ɗaure ko da fitila a kashe take, kuma idan za ka yi barci ka ɗaura shi ta saman bargo don kada ma'aikata su tashe ka. Na biyu barin kaya. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ƙirar A350 ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokiyo ya kama wuta, amma duka mutum 379 da ke cikinsa suka fita da rai ta ƙofofi uku, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa fasinjojin sun bi umarni ba su tsaya ɗaukar jakunkuna ba.

Tambaya: Ni dai taga nake so, lafiyata ƙalau, kuma barci nake yi daga tashi har sauka. Wane ɓangare zan zaɓa?

Amsa: To, Malam, taga taka ce, domin ga mai barci babu kamar ta, babu mai tashin ka kuma ga wurin jingina kai. Ka zaɓi ɓangaren da ka saba kwanciya a kansa, sannan ka lura da rana. Jirgin da ya tashi da safe ya nufi arewa, kamar daga Abuja zuwa Landan, rana tana dukan tagoginsa na dama, na hagu kuma suna cikin inuwa har azahar. Idan kallon ƙasa kake so, ka zauna gaban fukafukai ko can bayansu, domin a kansu ba za ka ga komai ba sai ƙarfe, kuma ka duba taswira da kyau, saboda a jirage da yawa akwai sahu ɗaya ko biyu da kujerar gefe take fuskantar bango babu taga. Duk da lafiyar taka, ka tashi ka taka duk bayan sa'o'i biyu ko uku, kuma lokacin da ya fi sauƙi shi ne sa'ad da maƙwabcinka ya tashi da kansa, ko bayan an kwashe farantan abinci.